Gumboro: rigakafin ruwan sha, ko 'yan tsakin da aka yi wa allura tun daga ƙyanƙyasa?

Bara, ana gab da fara yankan gero, Goggo ta aiko yaro da sassafe wai in zo in duba mata kaji. Buroila 150 ta zuba a ɗakin da ke bayan rumbu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dambatta da Kazaure, kuma ranar kwanansu 24. Ina leƙawa na tarar sun takure a kusurwa, gashi a tashe kamar waɗanda ruwa ya ba kashi, idanu a lumshe, gindi duk ya ɓaci da farin zawo mai ruwa-ruwa. Wasu suna waiwayawa suna saran duburarsu. Bakwai sun mutu cikin dare.

"Ɗan nan, wallahi na ba su rigakafin," in ji ta. "Ran da suka kwana bakwai na ba su, ran Litinin ɗin nan ma na ƙara."

"Goggo, na biyun wa ya kawo miki?"

Ashe ɗan maƙwabta ne ya sayo a Kano ranar Lahadi, aka ɗaure masa a leda da ƙanƙara. Kafin ya iso ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi, sai aka jefa kwalbar a randa ta kwana.

Na karɓi wuƙa na feɗe guda biyu a bayan gida. A tsokar cinya da ta ƙirji akwai zane-zanen jini kamar an ja da tsinke. Can saman dubura daga ciki akwai wata 'yar jaka da likitocin dabbobi ke kira bursa. A kaza mai lafiya ta wannan shekarun ba ta fi ƙwayar gurjiya ba, fara ce tas. Wannan kuwa ta kumbura, ga wani ruwa rawaya mai yauƙi ya lulluɓe ta. Da na ɗaga hanji na duba ƙoda, wadda ke kwance cikin ramukan ƙashin baya, maimakon launinta mai kama da na hanta sai na gan ta fari-fari, ta cika ta batse, da wasu layuka kamar an zuba garin alli. Gumboro ce, babu tantama.

Sunan ba na Hausa ba ne, ko da yake ya zauna a bakinmu kamar namu. Sunan wani ƙauye ne a jihar Delawaya ta Amurka, inda wani likita mai suna Cosgrove ya yi bayanin cutar a 1962. Sunan da aka fara ba ta ma ciwon ƙodar kaji ne, saboda abin da ya fi ɗaukar ido ke nan in an feɗe. Daga baya aka gane ainihin ɓarnar a bursa take, domin a nan ne kaza ke rainon ƙwayoyin da ke ƙera mata sinadaran kariya. A Najeriya an fara ba da rahotonta a farkon shekarun 1970, sannan a ƙarshen shekarun 1980 wani nau'i mai tsananin kisa ya ɓulla a Turai ya bazu duniya. Shi muke fama da shi yau. Ta fi kama kaji tsakanin mako 3 zuwa 6, ta yi kisanta cikin kwana biyar zuwa bakwai ta lafa, ta bar waɗanda suka tsira da raunin garkuwa. Kajin ƙwai da zakarun turawa sun fi buroila mutuwa da ita.

Tambayar da Goggo ta yi mini bayan ta share hawaye ita ce ta kowa a yankin nan: in za ta sake zubawa, ta ci gaba da na ruwan sha, ko ta ƙara kuɗi ta sayi waɗanda dila ya ce "an gama musu Gumboro tun daga kamfani"?

Kafin in amsa sai na ɗan yi kwana, domin akwai wata dabba da wani malaminmu ya koyar da mu garkuwar jiki da ita lokacin da muke karatun lafiyar dabbobi, kuma har yau ban sami misalin da ya fi ta ba. Sunanta minki. Ba mu da ita a nan. Ta yi kama da tunku, ana kiwonta a keji a ƙasashen sanyi irin Amurka, Kanada, Folan da Denmak saboda gashin fatarta. Wasu za su tuna labarin Denmak a 2020, da gwamnati ta ba da umarnin kashe kusan miliyan 17 saboda korona. Amma tsohon ciwon masu kiwonta daban ne: cutar Alushiyan, wadda aka yi bayaninta a Amurka a 1956. Bairos ne ke kawo ta, wato wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani. Jikin minkin ba ya kasa yaƙi, yaƙin ne ma yake wuce gona da iri. Yana ta zuba sinadaran kariya a jini har jinin ya cika da su, su kuwa suna manne wa bairos ɗin amma ba sa kashe shi. Sai su dunƙule tare su zama ƙananan curi, jini ya kwashe su ya kai ƙoda. Ƙoda rariya ce. Curin nan ya maƙale a ramukanta, wurin ya kumbura, a hankali ta daina tacewa. Dabbar ta rame, ta yi ta shan ruwa, dasashi ya riƙa jini, ta mutu bayan watanni. Da aka gwada yi musu rigakafi da mataccen bairos, waɗanda aka yi wa sun fi shan wuya da cutar ta zo. Shi ya sa har yau hanyar masu gonakin minki ita ce gwajin jini da fitar da duk wadda aka samu da shi.

Na kawo wannan ne don dalili biyu. Na farko, mai kiwo ya cire wa ransa cewa yawan rigakafi shi ne yawan lafiya. Na san masu bai wa kaji Gumboro sau huɗu "don a tabbatar". Na biyu ya fi ban mamaki: irin wannan curin na bairos da sinadarin kariya, wanda ke halaka ƙodar minki, shi masana suka haɗa da gangan a ɗakin gwaji ya zama ɗaya daga cikin rigakafin Gumboro da ake yi a wurin ƙyanƙyasa. Zan dawo kansa. Kumburin ƙodar kazar Gumboro kuwa yawanci na bushewar jiki ne: zawo ya tsiyaye ta, ba ta shan ruwa, farin abin nan da kaza ke fitarwa a madadin fitsari ya daskare a hanyoyinsa. Don haka mai ɗura wa kaji jentamaisin ko magungunan salfa a tsakiyar Gumboro, ƙodar da ke neman agaji yake ƙara wa kaya. Ruwa mai tsabta da bitamin da gishirin farfaɗo da jiki, da ɗumi in ana sanyi, su ne abin yi. Maganin kashe bairos ɗin da ke kawo Gumboro babu shi.

To, rigakafin ruwan sha. Bairos ne mai rai da aka rage wa ƙarfi. Akwai na Vom, wato cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, akwai kuma na waje. Ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai matsakaici, irin nau'in D78, akwai mai zafi, irin 228E. Alherinsa a bayyane yake: yana da araha, ana samunsa a kusan duk shagon maganin kaji, kuma a hannunka yake, idonka ya ga kwalbar, ya ga ranar lalacewarta. In an yi shi daidai yana aiki, kuma shekaru da dama da shi aka riƙe kiwon kaji a ƙasar nan.

Matsalarsa ita ce "daidai" ɗin nan yana da wuya, kuma wuyar ba a inda mutane ke zato take ba. Kowa ya san maganar sanyi. Abin da ba a cika sani ba shi ne garkuwar uwa. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai da sinadaran kariya da ya sha daga gwaiduwa, musamman in kamfani ya yi wa iyayen allura sosai. Wannan garkuwa tana kare shi daga cutar, amma ba ta bambance bairos na daji da na kwalba. In ka ba shi rigakafi tana da ƙarfi, sai ta haɗiye shi, ka yi asarar kuɗi kana zaton ka yi aiki. Tana raguwa ne da rabi-rabi: kusan duk kwana 3 a buroila, kusan duk kwana 5 da rabi a kajin ƙwai. Masana a garin Debenta na ƙasar Holan sun fitar da lissafin da ake gano ranar bayarwa da shi daga gwajin jini. A ma'auninsu, mai zafi yana iya ratsawa in garkuwar ta sauko wajen 500, matsakaici kuwa sai ta sauko wajen 125. Mu ɗauki misali: ɗan tsakon buroila mai 4,000 a kwana na 4. Kwana na 7 yana da 2,000, na 10 yana da 1,000, na 13 ya kai 500, na 16 ya kai 250, sai a na 19 ya kai 125. Ke nan matsakaicin da aka ba shi a kwana na 7, kamar yadda jadawalin da ke yawo a hannun mutane ya ce, ya tafi a banza. Kuma ba duka 'yan kwali ɗaya ne ke da garkuwa iri ɗaya ba, tunda ƙwan na iya fitowa daga garken iyaye daban-daban. Wani ya shirya a kwana na 12, ɗan'uwansa sai na 20. Dalilin bayarwa sau biyu ke nan: na farko ya kama masu rauni, na biyu ya kama sauran.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Bairos na daji mai tsanani yana ratsa garkuwar uwa tun tana da ƙarfin da rigakafi matsakaici ba zai iya ba. Akwai wasu 'yan kwanaki ke nan da cuta za ta iya shiga, rigakafi ba zai iya ba. A ɗaki mai tsabta da bai taɓa ganin Gumboro ba, kaji na wuce kwanakin nan lafiya. A ɗakin da ta taɓa yi, nan take jira. An taɓa gwadawa aka sami bairos ɗin da ransa a ɗaki kwana 122 bayan an kwashe kajin. Ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da ke cikin ɓuntun shinkafa da diddigar katako ma suna ɗauke da shi. Ga masu sayen kashin kaji don lambu, da buhunansu suna bi gida-gida, ga masu sarin kaji da kejinsu a bayan babur. Mai zafi an yi shi ne don irin wannan wuri, domin yana rage kwanakin haɗarin. Farashinsa shi ne yana taɓa bursa da kansa, kuma in ka ba ɗan tsako mai raunin garkuwar uwa da wuri zai iya jigata shi, Lasotar da za ta biyo baya ma, wato rigakafin wata cutar kaji mai suna Niyukasil, ta ƙi kamawa sosai. Ni ba na ba da shawararsa ga wanda Gumboro ba ta taɓa shigar masa ɗaki ba.

Sai aikin hannu. Kwalba tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, daga shago har bakin akurki. A watan Afrilu da zafi ke haura 40, leda da ƙanƙara ba ta kai ka Ɓaɓura daga Kano, sai fulas. A janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu, a bayar da sanyin safiya, a buɗe kwalbar a cikin ruwan, su shanye cikin awa biyu. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe shi, haka mazubin da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a ɗauraye ba. Ana zuba madarar gari wadda aka cire wa mai, kamar giram 2 a lita, don ta kare shi. Mazubai su wadata, kowa ya sami wurin sa baki, in ba haka ba ƙarfafa su sha na mutum uku, raunana su tashi a tutar babu. Goggo mazubi uku gare ta ga kaji 150. Ko da kwalbar tata ta iso da rai, kwana uku bai isa jiki ya gina kariya ba.

Na wurin ƙyanƙyasa iri biyu ne, kuma dila da yawa ba su san bambancinsu ba. Na farko shi ne curin da na ambata: bairos mai rai, daga ajin masu zafi, an lulluɓe shi da sinadaran kariya da aka samo daga jinin kaji. Transmune na kamfanin Ceva irinsa ne. Ana yin allurarsa a cikin ƙwai a kwana na 18 na kwanci, ko a ƙarƙashin fatar wuya ran da aka ƙyanƙyashe. Lulluɓin yana hana garkuwar uwa cinye shi, yana kuma hana shi far wa bursa da wuri. Yana nan a jiki har garkuwar uwa ta sauko, sannan ya kama. Ma'ana kowane ɗan tsako da ranarsa, ba sai kai ka yi canke ba. A ganina wannan shi ne babban abin da kuɗinka ke saya. Ba ƙarfi ba ne, lokaci ne. Amma tunda bairos ne mai rai, yana rage girman bursa na ɗan lokaci kamar kowane mai zafi, kuma an fi amfani da shi a buroila.

Na biyu ba shi da bairos ɗin Gumboro ko kaɗan. An ɗauki wani bairos na talotalo marar cutarwa, wanda dama da shi ake rigakafin cutar Marek, aka dasa masa ɗan ɓangare ɗaya na Gumboro, wanda ake kira VP2. Vaxxitek HVT+IBD na Boehringer Ingelheim misali ne. Garkuwar uwa ba ta hana shi aiki, ba ya taɓa bursa, ga shi jifa ɗaya ya haɗa da Marek, cutar da ke shanye ƙafar 'yan matan kaji suna gab da fara ƙwai. Ga mai kajin ƙwai da zai riƙe su fiye da shekara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rauninsa: kariyar a hankali take ginuwa cikin makonni, kuma ba ya yaɗuwa daga kaza zuwa kaza, don haka wanda allura ta kuskure ya tafi haka nan. Ana kuma ajiye shi ne a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, abin da ya sa ba za ka taɓa samun na gaskiya a shagon kasuwar Dambatta ba. Wanda ya ce zai zo gida ya yi maka shi, ka riƙe kuɗinka.

Duka biyun suna da rami ɗaya, kuma mai zurfi ne: ba ka gani ba. Yawancin 'yan tsakinmu daga kudu maso yamma suke tasowa, yankin Ibadan, su kwana a mota, su bi ta hannun babban dila, ƙaramin dila, kafin su iso ƙauye. Kalmar "an yi musu" ba ta da nauyi a baki. Sau da yawa abin da aka yi musu Marek ce kawai, ko feshin Niyukasil, dila ya dunƙule ya ce an gama komai. Wani lokacin kwalin na wani kamfani ne, 'yan cikin na wani. Na taɓa ganin wanda ya biya kuɗin masu allura, ya ajiye na ruwa gaba ɗaya, Gumboro ta share masa kusan rabin zakaru a mako na huɗu. Da na ruwa, in an yi kuskure kai ka yi shi, kuma gobe za ka iya gyarawa. Da na kamfani, in an yi maka ƙarya ba ka da labari sai gawa ta fara faɗuwa.

Saboda haka ni ba na tambayar wanne ya fi ƙarfi. Ina tambayar mutum: me kake iya riƙewa, sanyi da lokaci, ko amana? Mai firjin sola, ko wanda ke kusa da gari zai iya sayowa da asuba a fulas ya bayar kafin hantsi, ɗakinsa sabo ne ko yana hutar da shi tsakanin zubi, na ruwa matsakaici sau biyu ya ishe shi, in dai ya daina gaggawar kwana na 7 ya tambayi kamfanin ranakun da suka dace da 'yan tsakinsu. Ga buroila sau da yawa amsar tana faɗawa ne wajen mako na biyu da na uku, ga masu ƙwai ta fi haka jinkiri. Manyan gonaki suna iya kai jini a auna, kamar a asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, amma mai kaji 100 ba zai yi wannan ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Wanda kuwa yake nesa da wuta, kajinsa ba su kai su shanye kwalba ɗaya ba, ko Gumboro ta taɓa yi masa ɓarna a ɗakin da zai sake zubawa, ƙarin kuɗin masu allura ya fi masa sauƙi a kan asarar mako na huɗu. Sharaɗi ɗaya ne: ya ga takarda daga kamfanin, da sunan rigakafin a rubuce, da ranar ƙyanƙyasa, kwali kuma a rufe da hatiminsa. In dila ya fara "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?", ka ɗauka ba a yi ba, ka saya a farashin marasa allura, ka ba da na ruwa. In kuma takarda ta tabbata, kada ka ƙara na ruwa a kai don ganin dama sai kamfanin ko likita ya ce.

Masu kajin Hausa da ke yawo a tsakar gida, Gumboro tana kama su, amma ba ita ce babbar mai share akurki ba. Niyukasil ce, musamman da hunturu, kuma Vom na yin rigakafinta nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido. Da shi za a fara. Noila da maja da ake tsarewa a ɗaki makonnin farko kuwa hukuncinsu na kajin gona ne.

Goggo ta rasa 41 kafin abin ya lafa, sauran kuma ba su yi nauyin kirki ba, da ƙyar ta mai da uwar kuɗi. Mun kwashe ɓuntun muka kai gona mai nisa, muka kankare ƙasa, muka wanke da omo, muka bi da maganin feshi mai aidin, ɗakin ya sha rana har bayan sallah. Bana sai ta haɗa kai da mata uku na adashinsu suka yi oda tare ta hannun dilan da ya yarda ya turo hoton takardar kamfani ta WhatsApp kafin a biya. Na karanta da idona: irin curin nan ne, an yi ranar ƙyanƙyasa. Na sa ta ƙara mazubai huɗu, na kuma sa aka ajiye tsohon takalmi ɗaya a ƙofar ɗakin wanda ba ya fita.

"To yanzu shi ke nan na huta da kwalabe?" ta tambaye ni ran da suka iso.

"A'a Goggo, Lasota tana nan a kanki. Wannan karon ni zan kawo miki, a fulas."

Yau kwanansu 19. Jiya da yamma na leƙa, suna ta ture-ture a bakin abinci, ɗaya har ya haye kan mazubi yana kallona. Goggo dai ta ce ba za ta yi barcin kirki ba sai sun haura kwana 24.